Maciji Sau Uku Cikin Wata Ɗaya: In Tashi Ko In Zauna?

Assalamu alaikum Inna. Ni matar aure ce a nan Maradi, ƴaƴana uku, babban shekararsa 9, ƙaramar ba ta daɗe da fara tafiya ba. Bara muka tare a gidan da maigidana ya gina can bayan gari, inda gidaje ba su gama haɗewa ba. Kango ne a jikin katangarmu, ya cika da ciyawa, kuma har yanzu ragowar bulo da itacen gini suna jibge a tsakar gida. Tun da ruwa ya sauka bana, sau uku ke nan. Na farko baƙi ne, a akurki, ya sha ƙwai ya kashe mini kaza mai kwanci. Na biyu ƙarami mai zane-zane, ɗana ya gan shi gindin randa da magariba, maƙwabta suka kashe suka ce kububuwa ce. Shekaranjiya kuma na ɗaga buhun gero a ɗakin ajiya na tarar da saɓa. Maigida ɗan kasuwa ne, sai ya yi sati biyu yana kan hanya. Uwar mijina ta ce wannan ba banza ba, turo shi aka yi, har ta fara ambaton sunan wata. Ta kawo mai magani ya yi barbaɗe ya karɓi jika 15. Ni kuma na zuba girezil da gazuwal ko'ina har kaina na ciwo. Ba na barci. Na ce zan koma gidanmu da yara har damina ta wuce, maigida ya ce raina masa gida na yi. Inna, yaya zan yi?

Uwar ƴaƴa uku, Maradi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗiyata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda ya fi tsaya mini a rai shi ne gindin randar nan. Nan yaro ke zuwa da gudu, ƙafa ba takalmi, ya miƙa hannu ya ɗauki moɗa ko dubawa bai yi ba. Uwar da ta ga kububuwa a inda ɗanta ke shan ruwa, in ta kasa barci ba ta yi laifi ba, kuma ba wanda ya isa ya ce raki ne. Allah Ya ƙara tsare ku.

To amma ki natsu ki sake bin wasiƙarki a hankali, domin ke da kanki kin zana mini hanyar abin nan ba ki sani ba. A akurki akwai ƙwai da ƴan tsaki. A gindin randa akwai laima da sanyi, inda kwaɗi ke taruwa. A ɗakin ajiya akwai gero, kuma duk inda gero ya kwana ɓera ya kwana, duk inda ɓera ya yi gida mai cinsa zai biyo sawu. Maciji ba ya shiga gida don mutanen gidan. Cikinsa yake bi, sai kuma wurin da zai laɓe ya huta. Gidanku yanzu ya haɗa masa duka biyun, ga kuma kango a jikin katanga wanda ya zame masa zaure. Ƙasar da kuka yi gini a kai, shekaru kaɗan da suka wuce gona ce ko saura, su ne ƴan gida tun kafin a kafa tubali. Da ruwa ya sauka ya cika musu ramuka, dole su nemi tudu. Mu kanmu mutanen Maradi, ai ambaliyar 1945 ce ta tashi garin daga kwarin gulbi aka hau tudu. Abin da ya sa damina da kaka suka fi kowane lokaci yawan sara ke nan: da damina ruwa ya fito da su, da kaka kuma hannun mutane na cikin dami da harawa, inda ɓeraye suka taru.

Shi ya sa nake roƙonki da babbar murya, kada bakinki ya shiga maganar turen nan. Zato zunubi ne, kuma sunan da aka fara ambata, in ya fita daga gidanku ya shiga unguwa, ba ya komowa. Za a kashe zumunci, macijin kuma yana nan kwance ƙarƙashin bulo bai san ana yi ba. Addu'a kam ki riƙe ta da kyau. Ki koya wa yara "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ" su riƙa yi da maraice, domin ita ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna wa mutumin da kunama ta harba. Amma wanda ya koyar da mu addu'ar shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ɗaurin raƙuminki a nan shi ne aikin da zan faɗa miki.

Kafin nan, ki yi haƙuri da abin da zan ce game da barbaɗe da girezil, don na san kuɗi sun fita. Ba sa tare maciji. Girezil, gazuwal, kananzir, baƙin mai, kafur, farar wuta, tafarnuwa, ƙona tsohuwar taya, duk na san gidajen da aka yi su. Masana sun gwada kafur da farar wuta, suka ga maciji yana bi ta kansu ya wuce abinsa in akwai abin da yake nema a gaba. Sauran kuwa, kwana biyu warin ya tafi, ruwan sama ɗaya ya wanke. Saiwar sanya, wadda ake kira uwar magunguna, tun kakanni ake ajiye ta a gida saboda abin ƙasa, kuma ba na raina abin da magabata suka bari, amma ba zan ɗora ran jaririya a kan wari ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne ƴarki mai tatata. Kafur fari ne mulmulalle, alawa za ta ɗauke shi. Kananzir da gazuwal da ake zubawa a robar lemo sun sha kai yara asibiti. Girezil yana ƙona fata, yana kuma kashe mussa, alhali mussa na cikin masu taimakonki a wannan yaƙi. Ki daina zubawa daga yau, abin da ya rage ki ɗaga shi sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ciwon kan da kike ji ma gargaɗi ne.

Aiki na farko, kuma wanda ya fi kowane muhimmanci, shi ne ɓera. In kin raba gidanki da ɓera kin yi rabin aikin. Buhunan gero da wake da gyaɗa su bar ƙasa. A kafa musu benci ko a jera katako a kan duwatsu, a bar tazarar kamu ɗaya tsakaninsu da bango, yadda za ki iya haska tocila ki ga bayansu ki kuma zura tsintsiya. In da hali, hatsin da ake ci yau da gobe ya koma gangar ƙarfe ko ta roba mai murfi. Bayan surfe ko sheƙa, a share tsabar da ta zube nan take, kada ta kwana. Kwanonin tuwo kada su kwana a tsakar gida ba wanki. Dusar awaki a rufe ta. Ki sa tarko a bin bango, domin ɓera bango yake bi, ba ya son ratsa fili. Na fi son tarko a kan shinkafar ɓera a gidan da ke da ƙaramar yarinya da kaji, kuma ɓeran da ya ci guba in mussa ta cinye shi ita ma ta tafi. Ki nemi mussa ki riƙe ta da kyau.

Sai tarin bulo da itacen nan. A ganina nan ne gidansu, kuma ba ke za ki taɓa shi ba. Maza biyu ko uku za a samu, da rana tsaka, kowa da takalmin roba mai tsawo da dogon wando, yara suna wani gida, ƙofofin ɗakuna a rufe. Kada wanda ya zura hannu inda idonsa bai gani ba. A fara motsa abu da doguwar sanda ko manjagara, in za a ɗaga bulo a jawo shi ta ɓangaren da zai zama katanga tsakanin mutum da abin da ke ƙarƙashi. Abin da za a yi amfani da shi a jera shi nesa da ɗakunan kwana, wanda ba shi da amfani a sayar ko a fitar. Itacen girki, kara, harawa, duk su hau rumfa ko gadon itace, kamu biyu daga ƙasa. Ke ma in za ki ɗebi itace, da rana ki ɗebi na dare ki ajiye a fili, kada magariba ta same ki da hannu cikin tari.

Burinki shi ne tsakar gida ta zama fili fetal, musamman gindin katanga da kewayen ɗakuna. Maciji ba ya son ratsa sarari, don ya san shaho da mutum duk suna ganinsa. Kuma shararren rairayi yana da wani amfani da mahaifiyata ta koya mini: ki share da yamma ki lallaɓa ƙasar ta kwanta, da asuba kafin kowa ya taka ki zaga da ido. In wani abu ya ja ciki cikin dare, sawunsa na nan kamar an ja igiya, kuma zai kai ki daidai kafar da ya shigo. Wannan ya fi duk wani duba da za a yi miki.

Domin kuwa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rariyar da ruwan wanka da na sama ke fita ita ce babbar ƙofarsu a yawancin gidajenmu. A sa mata ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, waɗanda ba su wuce rabin santimita ba, a kama ta da siminti, a riƙa cire dattin da ya tare. Ƙarƙashin ƙofa kuma, ga yadda za ki gwada: da dare ki shiga ɗaki ki kashe wuta ki rufe ƙofa, babban ɗanki ya tsaya waje tare da wani babba ya bi gefen ƙofa da taga da tocila. Duk inda haske ya shigo miki, ki sa alama. Kafar da ƙaramin yatsanki zai shiga ta ishi ƙaramar kububuwa. Kafinta zai buga miki tsinken tsohuwar taya a gindin ƙofa da kuɗi kaɗan. Ramukan ɓera a cusa musu tsakuwa a shafe da siminti. Reshen bedi ko kowace bishiya da ya kwanto kan katanga ko rufi a sare shi, don gamsheƙa tana hawa. In akwai suri kusa da gida a rushe shi, ramukansa masauki ne.

Randa ta hau kan kafa ko dakali, a zuba tsakuwa a ƙasa yadda ruwa ba zai kwanta ba, kuma ta bar lungu ta dawo inda ake gani. Famfo in yana ɗiga a gyara. Ki lura da ƙwan lantarkin tsakar gida da damina: ƙwari na taruwa gare shi, kwaɗi na taruwa ƙarƙashinsa, gamsheƙa kuwa ba abin da take so kamar kwaɗo. Kada a shimfiɗa tabarma daidai wurin. Akurki ya matsa can nesa da ɗakin kwana, a ɗaga shi, a kewaye shi da irin ragar nan, a kwashe ƙwai kullum kafin rana ta faɗi. In kin ji kaji sun rikice da dare, kada ki fita ki leƙa da fuskarki a bakin akurki. Wasu na kiwon zabi saboda kururuwarsu in sun ga baƙon abu, kuma suna faɗakarwa, amma ba gadi ba ne da za a saki jiki da shi.

Kangon nan ba aikinki ba ne ke kaɗai, ba kuma naku kaɗai yake cuta ba. Maigida ya samu maƙwabta su je wurin mai unguwa, a nemo mai filin ya nome shi, in bai samu ba a yi gayya. Ranar da za a yi, kowa ya sani, a rufe ƙofofi a tsare yara, don abin da aka tasa daga can gida mafi kusa zai nufa. Kada a cinna wuta kusa da danga da rumfunan kara. Kuma a hana zuba shara a ciki, don juji shi ne kasuwar ɓera.

Yanzu dare, wanda shi ne ya hana ki barci. Abu biyu nake so ki yi tun daren yau, kafin a samu kuɗin siminti. Kowa ya kwana cikin gidan sauro, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta kowane gefe, ba a bar shi yana reto ba. Gamsheƙa an san ta da shiga ɗaki cikin dare tana neman ɓera, ta bi ta kan mai barci a ƙasa, ya motsa ta sare shi. Gidan sauron da aka cusa da kyau yana tare wannan, ga kuma sauro da kunama. In za a samu gado ko da na kara ne a ɗaga yara daga ƙasa, ya fi. Na biyu, tocila a kan kowace shimfiɗa, kuma doka ce: ba mai taka ƙasa da dare sai ya haska, ba mai fita sai da takalmi. Ƙananan a ajiye musu fo a ɗaki, kada su je bayi cikin duhu. Takalmi rufaffe a zazzage shi kafin a sa. Ki fi sa ido da magariba bayan an ɗauke ruwa, lokacin kububuwa ke yawo.

Za ki ji ana cewa a riƙa buga ƙafa ko sanda in ana tafiya. Gaskiya ne, maciji ba shi da kunne irin namu, motsin ƙasa yake ji, kuma da yawa suna gudu. Amma macijiyar nan da ake kira kasa ba ta gudu, kwanciyarta take ta saje da ƙasa har a taka ta, kububuwa ma takan tsaya ta naɗe. Shi ya sa haske ya fi bugun ƙafa. Ki koya wa yaranki muryar kububuwa: in ta ji tsoro tana goga jikinta da jikinta, sai ki ji wani sauti kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Duk wanda ya ji haka ya tsaya, ya ja da baya a hankali, ya kira babba. Ki yaba wa ɗanki da ya gani ya faɗa bai ɗauki dutse ba, ki gaya masa abin da ya yi shi ne daidai, don yaro ɗan shekara 9 yana gab da shekarun son nuna jarumta.

In aka sake gani a cikin gida, a kwashe yara, a ja baya kamar taku biyar, mutum ɗaya ya tsaya daga nesa yana kallon inda ya shiga. Gamsheƙa tana feso dafi ya kai wajen mita 2, kuma ido take nufa. In ya shiga idon wani, a wanke da ruwa mai yawa, a yi ta zubawa ba ƙaƙƙautawa, kada a murza, kada a ɗiga wani haɗi, sannan a tafi asibiti. Ki kira maza masu hankali, ko ƴan kwana-kwana a lamba 18, ko ma'aikatan gandun daji. Mutane da yawa wurin kisa ake sararsu, don sun matsa da gajeren icce. Kuma wanda aka kashe kada a bar yara su yi wasa da shi, kan maciji yana iya sara ko an raba shi da jiki. Wanda aka gani can daji yana harkarsa a ƙyale shi, ɓerayen gona yake rage mana.

Akwai maganar da ba na son yi amma barinta cin amana ne, ita ce in ƙaddara ta faɗa. Ɗan ƙanena, yana saurayi, kububuwa ta sare shi a hannu da kaka, yana ɗaga damin gero a gona. Waɗanda ke wurin, don ƙauna, suka ɗaure masa dantse da roba tamau, suka tsaga wurin da reza, aka manna baƙin dutse, aka ba shi jiƙo. Da dare ya ci tuwo yana hira, kowa ya ce an auna arziki. Washegari yana asuwaki sai jini a dasashi. Tsagar rezar nan kuwa ta ƙi tsayawa, tsumma bayan tsumma yana jiƙewa. Ina tsaye a asibiti ma'aikacin jinya ya ɗebi jininsa ya zuba a wata ƴar kwalbar gilashi, ya ajiye ya duba agogo. Bayan minti 20 ya karkata ta, jinin ya gangaro kamar ruwan zoɓo, ko alamar daskarewa babu. Ya ce mana wannan shi ne aikin dafin kububuwa, yana cinye abin da ke sa jini ya daskare, mutum yana tafe yana magana alhali yana zuba ta ciki. Ba banza Hausawa suka yi mata kirari da gobe da nisa ba. Aka ɗaura masa allurar maganin dafi ta jijiya, bayan wasu awowi aka sake gwajin jinin ya kama. Allah Ya yi da sauran kwana. Amma hannun da aka ɗaure ya daɗe yana jinya, har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa sosai.

Za ki ce to me ya sa ake ganin waɗanda mai magani ya yi wa aiki suka tashi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 5.4 maciji ke sara a shekara, amma waɗanda dafi ke shiga jikinsu tsakanin miliyan 1.8 ne zuwa 2.7. Wani macijin ba shi da dafi mai kisa, wani kuma ya sara bai zuba ba. Irin waɗannan ko ba a yi musu komai ba za su warke, sai a ce maganin ne. Wanda dafin ya shiga da gaske shi ke biyan bashin jinkirin, kuma ƙiyasin hukumar na masu mutuwa ya kama daga 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, ban da waɗanda ake yanke wa hannu ko ƙafa. Abin ya kai ga a 2017 ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Saboda haka kada a ba yaranki wani abin sha a ce musu daga yau maciji ba ya kama su. Yaron da ya yarda da haka shi ne zai kai hannu.

In ta faru, Allah Ya kiyaye, a janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da awarwaro da agogo kafin kumburi. Kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a sa dutse. A ɗora hannun ko ƙafar a kan ɗan katako a naɗe sako-sako don kada ta riƙa motsi, a ɗauke shi, kada ya yi gudu ko doguwar tafiya. In kabu-kabu ne a sa shi tsakiya wani ya riƙe shi ta baya. In yana amai a kwantar da shi ta gefe. Don zafi farasitamol kawai, ban da asfirin da ibuprofen da diclofenac, domin suna ƙara zubar jini. A riƙe lokacin da abin ya faru. Kada a ɓata lokaci neman macijin, in an samu hotonsa daga nesa ya isa. Kuma ko mutum ya ce garau yake ji, a tafi, a kuma yarda a kwana ƙarƙashin idon ma'aikata aƙalla awa 24. Mai ciki kuwa ko minti ɗaya kada a jira.

Ga wani aiki da za ki yi cikin satin nan da ƙafarki. Ki je CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati na unguwarku, ki tambaya: in maciji ya sari mutum cikin dare, ina za mu nufa kai tsaye, ina ake samun allurar, nawa take? Ba kowane ƙaramin asibiti ke ajiye ta ba, kuma tana da tsada, gara ki sani da rana ido na ganin ido da a yi ta yawo da yaro daga ƙofa zuwa ƙofa ƙarfe biyun dare. Ki karɓi lambar maƙwabci mai babur ko mota wanda zai ɗaga waya ko yaushe, ki rubuta a bango. Ki ware ɗan abin da ya samu ki ɓoye da sunan wannan kaɗai.

Batun tafiya gida, ban goyi bayan ki kwashe yara damina guda ba. In kin tafi gidan zai ƙara zama kufai, ciyawa ta tashi, ɓera ya yi sarauta, ki dawo ki tarar da abin da ya fi wanda kika bari, ga kuma tabo a tsakaninki da mijinki. Shi ma ki fahimce shi. Mutum ya tara guminsa ya yi gini, kalmar "ba zan zauna ba" tana sukarsa a wurin da ba ki nufa ba. Amma shi ma ya sani, ba shi ke kwana da yara uku cikin duhu yana sauraren motsi ba, kuma tsare iyali wajibinsa ne tun kafin ribar kasuwa. In ya dawo ya ci ya huta, kada ki fara da maganar tafiya. Ki kama hannunsa ki zaga da shi, ki nuna masa rariya, ki nuna masa hasken da ke shigowa ƙarƙashin ƙofa, ki nuna masa saɓar in kin ajiye ta. Ki ce masa ga abin da ake bukata: buhun siminti, raga, tocila uku, gado, da maza na yini biyu. Ki roƙe shi kada ya sake hawa hanya sai an gama. Kwana uku ko huɗun da za a yi ana tone-tone, ki kai yara gidanku da izininsa, wannan ba yaji ba ne, kuma shi ne daidai don lokacin ne abin da ke ɓoye ke fitowa.

Uwar mijinki kuwa tsoron jikokinta ne ya sa ta kawo mai magani, ki gode mata a kan haka, kada ki ce mata an cuce ta. Ɗanta ne zai gaya mata a bar ambaton sunan kowa, ba ke ba. Ke ki roƙe ta ta zo ta zauna ranar aikin ta sa albarka, ta ga abin da za a tarar da idonta. Tsofaffinmu sun san gero da ɓera da abin da ke bin ɓera fiye da mu, in aka tuna musu.

Ki rubuto mini bayan sati biyu, ɗiyata. Ina son in ji abin da aka samu ƙarƙashin bulon nan, da amsar da suka ba ki a asibiti game da allurar, don akwai mata da yawa a sababbin unguwanni da za su so su san inda za su nufa.